Yadda zaka zaɓi kalmar Turanci daidai in an hana mutum zaɓe ko an raba shi da mulki

Jama'a, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato ko aka tsige wani ko aka cire wani sarki, zaka ga Turanci ya cika Facebook da WhatsApp, kuma yawancinmu kalma ɗaya ko biyu muke ta juyawa, komai disenfranchise komai impeach, har sarki mai rawani ma sai kaji ance wai an yi impeaching ɗinsa. Abin nan yana damuna gaskiya, saboda in ɗalibi ne maki zai rasa a jarabawa, in mai rubuta ƙorafi ne zuwa hukuma ko lauya to ya faɗi abin da ba shi ya faru ba, kuma mafi muni sai wanda aka zalunta ɗin ya ɓace a cikin jimlar, a rasa wa aka cuta. Shi yasa nace bari in bi abin daki-daki yadda ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai iya bi.

Mataki na farko, tun kafin ka taɓa waya ka fara rubutu, ka amsa wa kanka tambaya uku da Hausa. Wa aka ƙwace wa abin, mai jefa ƙuri'a ne ko ɗan takara ko wanda ya riga ya hau kujera? Me aka ƙwace, damar yin zaɓen ce gaba ɗaya, ko ƙuri'ar da ya riga ya jefa, ko muƙami? Sannan wa ya ƙwace kuma ta wace hanya, doka ce aka kafa, kotu ce, majalisa ce, ko bindiga? In ka amsa waɗannan ka gama rabin aikin, domin kowace amsa akwai kalmarta daban.

Mataki na biyu shine inda zan fi daɗewa, wato in mai jefa ƙuri'a ne aka hana. Kalmar da kake nema anan ita ce disenfranchise, ana furta ta kamar dis-in-firan-cayiz, ka ɗan danna wajen firan ɗin. Ka raba ta uku zaka gane ta: franchise shine 'yancin jefa ƙuri'a, enfranchise a baka wannan 'yancin, sai dis ɗin nan na gaba ya zo ya warware, a karɓe. Akwai gajeriyarta disfranchise, ita ce ma ta fi tsufa kuma ma'anarsu ɗaya, kar kace wanda ya rubuta ta yayi kuskure, kawai dai doguwar tafi yawo a jaridu yanzu. Sunan aikin kuma disenfranchisement, mutanen da aka yi wa su ne the disenfranchised. Kar franchise ɗin 'yan kasuwa ya ruɗa ka, wanda kamfani ke ba mutum izini ya buɗe reshe da sunansa, kalma ɗaya ce amma aiki daban. Akwai kuma suffrage, shima 'yancin zaɓe yake nufi kuma ba ruwansa da suffer na wahala, in kaga universal adult suffrage to duk baligi namiji da mace yana da ƙuri'a kenan.

In kana so kalmar ta zauna maka a kai yadda bazaka manta ba, ka dubi abin da aka yi wa baƙar fata a kudancin Amurka. A 1870 aka yi wa kundin tsarin mulkinsu gyara na 15 wanda ya hana a tauye wa mutum zaɓe saboda launin fatarsa, to da yake jihohin kudu ba za su iya fitowa su ce baƙi ba za su yi zaɓe ba, sai suka zagaya. Jihar Misisipi a 1890 ta saka harajin da sai ka biya kafin kayi zaɓe, shine poll tax, ta ƙara da jarabawar karatu, literacy test, inda ma'aikacin rajista shi zai yanke ko ka ci ko ka faɗi, kaga kuwa an gama magana. Sai Luwiziyana ta kawo grandfather clause a 1898, wai in kai ko babanka ko kakanka kuna da damar zaɓe kafin 1867 an yafe maka jarabawar, alhali kowa ya san kakannin baƙaƙen nan bayi ne a lokacin, ba su da ƙuri'a. A Luwiziyanar nan baƙaƙe masu rajista sun haura 130,000 a 1896, kafin 1904 sun dawo kusan 1,300. Wannan shine disenfranchisement tsantsa, mutum yana nan da ransa, ɗan ƙasa ne, amma an shafe shi daga lissafi. Ba a karya abin nan da gaske ba sai 1965, bayan tattakin neman 'yancin zaɓe da baƙaƙe suka yi daga garin Selma, da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Voting Rights Act.

Mu ma a gida muna da namu, kuma ina so matasa su riƙe wannan. A zaɓen 1959 matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a amma matan Arewa ba su da wannan damar, su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka akan fafutukar siyasa da haƙƙin mata, sai a 1976 aka buɗe wa iyayenmu mata ƙofa, suka zo suka yi babban zaɓen 1979. In zaka faɗi haka da Turanci sai kace women in Northern Nigeria were not enfranchised until 1976. A Afirka ta Kudu kuwa sai 1994 kowa da kowa ya samu ya tsaya layi ɗaya, zaɓen da ya kawo Mandela.

Yadda zaka saka ta a jimla: mutum ake disenfranchising, ba ƙuri'a ba kuma ba zaɓe ba. Thousands of voters were disenfranchised, daidai ne. Our votes were disenfranchised, ba daidai bane, don ƙuri'a ba ta da 'yancin da za a ƙwace. Kuma ba sai ka ƙara from voting a bayanta ba, maganar zaɓen tana cikin kalmar tun asali. In kalmar tayi maka nauyi a baki ba dole, ka faɗa a sauƙaƙe: they were denied the right to vote, ko they were deprived of their right to vote, ko stripped of their voting rights. Ka lura denied ba ya ɗaukar of, amma deprived da stripped dole sai da of, nan ne mutane ke yawan zamewa. Akwai kuma felony disenfranchisement da zaka riƙa gani a labaran Amurka, wato hana wanda kotu ta kama da babban laifi yin zaɓe, kowace jiha da nata tsarin, a Maine da Vermont ko kana gidan yari zaka yi zaɓe, wasu jihohin kuwa ko ka fito sai ka cika sharuɗɗa.

Wani abu da nake so ku kiyaye don Allah, disenfranchised daban disenchanted daban. Wanda yace shi ya gaji da 'yan siyasa, katinsa na aljihu amma ya kwanta a gida ranar zaɓe, wannan disenchanted ne ko disillusioned, ransa ne ya fita daga abin, kuma halin da ake ciki in mutane da yawa suka yi haka shine voter apathy. Ba wanda ya hana shi. Eh Turawa kansu sukan ce I feel disenfranchised suna nufin ji suke ba a jin muryarsu, ana yin haka a magana, amma in ƙorafi kake rubutawa ko rahoto ka bar kalmar wa wanda ya fito da niyya aka tare shi, saboda in ka haɗa su wuri ɗaya ka rage wa ƙorafin wanda aka tare ɗin nauyi.

Mataki na uku, ka duba ko a fili aka hana ko ta bayan gida. In doka bata hana ka ba amma an ƙirƙiro wahalhalu da gangan don kai da irinka ku kasa, rumfa ɗaya ga dubban mutane, kayan zaɓe sai la'asar a unguwar da aka san ba za ta yi wani ba, katin zaɓe ya maƙale, sunan wannan voter suppression. Bambancin shine suppression dabarar ce, disenfranchisement kuma sakamakon, zaka iya haɗa su a jimla ɗaya ma. Amma ka tabbata akwai ganganci kafin kace suppression, in motar kaya ce ta lalace a hanya mutane sun zama disenfranchised amma ba lallai an shirya ba. In 'yan daba ne suka zo da makamai suka tarwatsa layi, voter intimidation. In sunaye aka goge daga rajista, purge, kace names were purged from the register ko struck off the register. Maguɗi gaba ɗaya rigging, cusa ƙuri'un bogi a akwati ballot stuffing, sace akwati ballot box snatching, sayen ƙuri'a vote buying, waɗannan kam mun san su.

Sai gerrymandering, wanda ba a cika jinsa a wajenmu ba amma in kana bin siyasar Amurka kullum zaka ci karo da shi. A 1812 gwamnan Massachusetts mai suna Elbridge Gerry ya sa hannu a wata taswirar mazaɓu da aka lanƙwasa don jam'iyyarsa ta ci riba, wata mazaɓar ta fito kamar dabbar nan salamander mai kama da ƙadangare, sai 'yan jarida suka haɗa sunansa da na dabbar. Yau ana furta shi jeri-manda. Anan ba wanda ya hana ka jefa ƙuri'a, zaka jefa lafiya lau, amma an yanka iyakar mazaɓar yadda ƙuri'arka ba za ta canza komai ba, ko a tattara ku duka a mazaɓa ɗaya ku ci kujera ɗaya tak, shine packing, ko a yayyanka ku a raba cikin mazaɓu da yawa ku zama 'yan tsiraru a ko'ina, shine cracking. Kalmar aikin da ke tafiya da shi ita ce dilute, their votes were diluted, an tsarma ƙuri'ar.

Mataki na huɗu gajere ne: an jefa ƙuri'ar, daga baya aka zubar. Anan abin da aikin ya faɗa wa shine zaɓen ko sakamakon, ba mutum ba. Annul ita ce ta zaɓen 12 ga Yunin 1993 da gwamnatin Babangida ta soke, the election was annulled, da l biyu, sunan aikin annulment da l ɗaya. Nullify kotu aka fi ji da ita, the tribunal nullified the election. Cancel na sakamakon rumfa ne ko mazaɓa, void ko invalid na ƙuri'ar da ta lalace, misali an dangwala wa jam'iyya biyu. Inconclusive kuma da Kanawa ba za su manta da shi ba tun zaɓen gwamna na 2019, ba sokewa yake nufi ba, yana nufin zaɓen bai kammala ba sai an je zagayen cike giɓi, supplementary election. Ba shi bane run-off, shi run-off zagaye na biyu ne tsakanin manyan 'yan takara biyu irin wanda aka saba yi a Nijar.

Mataki na biyar, in ɗan takara ne ko jam'iyya. Ɗan takara ba a disenfranchising ɗinsa, disqualify ake yi, he was disqualified from contesting, ko barred from contesting, kullum da from sannan kalmar da ke biye ta ƙare da ing. Misali a Bayelsa a Fabrairun 2020, saura kwana ɗaya a rantsar da David Lyon a matsayin gwamna kotun ƙoli ta rushe nasararsa saboda matsalar takardun mataimakinsa. A Zamfara kuma a Mayun 2019 kotun ƙoli tace APC bata yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, sai ƙuri'unta suka zama wasted votes, Matawalle na PDP ya hau. In jam'iyya ce aka soke wa rajista deregister ne, kamar yadda INEC tayi wa jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020.

Mataki na shida, wanda ke kan kujera aka raba da ita, kuma anan tambayar wa ya cire shi ita ce komai.

In majalisa ce, impeach. Amma akwai tarko babba anan. Mu a Najeriya in muka ce an yi impeaching gwamna muna nufin an tsige shi ya tafi gida, kamar Balarabe Musa na Kaduna a Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan, shi PRP majalisar kuma NPN ce ke da rinjaye. A Amurka kuwa impeach tuhumar ce kawai, majalisar wakilai ta tuhume ka, sai majalisar dattawa tayi shari'a. Shugabanninsu Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, duk an yi impeaching ɗinsu kuma ba wanda majalisar dattawa ta kama da laifi. Nixon da mutane ke zaton an tsige shi, murabus yayi a 1974 kafin a kai ga ƙuri'ar. Don haka in kana rubutu wanda ɗan wata ƙasa zai karanta, ka cika maganar, impeached and removed from office. Tsarin namu yana sashe na 188 na kundin 1999 ga gwamna, na 143 ga shugaban ƙasa: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargin gross misconduct, kashi biyu cikin uku su yarda a bincika, babban alƙali ya kafa kwamitin mutum 7, in kwamitin ya tabbatar da zargin sai kashi biyu cikin uku su sake amincewa. In aka tsallake wani mataki kotu na iya mayar da mutum, kamar Rashidi Ladoja na Oyo a 2006, kalmar mayarwar kuma reinstate.

In jama'ar mazaɓa ne da kansu, recall, wato kiranye. Sashe na 69 ne ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, referendum. An gwada akan Sanata Dino Melaye abin ya mutu a wajen tantancewa a 2018. A Kalifoniya kuwa ya taɓa ci, a 2003 suka yi wa gwamna Gray Davis kiranye Arnold Schwarzenegger ya hau. Vote of no confidence, ƙuri'ar yanke ƙauna, ta ƙasashe masu firaminista ce, ita ta sauke Imran Khan a Pakistan a Afrilun 2022. In wata ƙungiya a nan gida tace ta kaɗa wa gwamna irin wannan ƙuri'ar, ra'ayi ne kawai ta bayyana, baya sauke shi.

Suspend dakatarwa ce ta wani lokaci, kujerar bata tafi gaba ɗaya ba, kamar yadda Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye na Filato a 2004 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ya dawo bayan wata 6. Sack da dismiss na wanda aka naɗa ne, minista ko kwamishina ko ma'aikaci, wanda ya naɗa shi ya kore shi, duk da jaridunmu suna rubuta court sacks governor don kanun labari yayi gajere.

In sarki ne, depose ko dethrone, tuɓe rawani kenan. Sultan Ibrahim Dasuki was deposed in 1996, zamanin Abacha. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu an cire shi ranar 9 ga Maris 2020 aka kai shi jihar Nasarawa, wannan fitarwar daga gari ita ce banish, sunan aikin banishment. In sarkin ne ya sauka da kansa abdicate, kamar Edward na takwas na Ingila a 1936, in kuma matsa masa aka yi sai kace forced to abdicate. Abdicate na sarauta ne, gwamna ko shugaba resign yake yi ko step down. Ka lura kuma lauyoyi suna da wani depose ɗin nasu na daban, bada shaida bisa rantsuwa, in ka gan shi a takardar afidabit ba maganar sarauta ake ba.

In ƙarfi ne, overthrow ko topple, juyin mulkin kansa coup, ana furta shi ku, ba a jin p ɗin. Shagari was overthrown on 31 December 1983, ka kula overthrown ne ba overthrowed ba. Haka a Nijar, Hamani Diori a 1974, Tandja a 2010, Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Sojojin da suka karɓa su ne junta. Oust ita ce kalmar da zaka riƙe in baka tabbatar da hanyar da aka bi ba, domin tana shiga ko'ina, sojoji na iya ousting mutum, majalisa na iya, har masu zaɓe ma. In a akwati aka kayar da shi kuwa unseat ko voted out, kamar Jonathan a 2015, wannan ba ƙwace bane, jama'a ne suka yi aikinsu. Usurp kuma daga ɓangaren mai ƙwacen take, ya hau kujerar da ba tashi ba.

Mataki na bakwai, wani lokacin ba ƙuri'a aka taɓa ba kuma ba a cire mutum ba, ƙarfinsa aka zare. Disempower shine kishiyar empower ɗin nan da muke ji kullum a rabon keken ɗinki, a raba mutane da ikon yanke shawara akan rayuwarsu. Marginalise a mayar da su saniyar ware. Sideline na mutum ɗaya ne a cikin tafiya, mataimakin gwamna yana ofis amma ba a kiransa taro ba a turo masa fayil. In wasu ayyukansa aka karɓe a hukumance, he was stripped of his powers, in rage su aka yi, his powers were curtailed.

Mataki na ƙarshe, ka karanta jimlarka ka duba abu biyu. Na ɗaya rubutun, ise na Ingila ne ize na Amurka a kalmomi irin su marginalise, mu na Ingila muke bi a makaranta, amma disenfranchise da s take a ko'ina, kar ka saka mata z. Na biyu, Turanci yana ba mutum damar ɓoye wanda yayi aikin, voters were disenfranchised, shikenan ba a san wa yayi ba. A kanun labari ba laifi, amma a takardar ƙorafi ka fito da komai, wace rumfa, ƙarfe nawa, mutum nawa, me ya faru, sannan kalmar ta zo daga ƙarshe. Misali ka rubuta: Officials arrived at our polling unit at 3 p.m. and closed at 4 p.m. while accredited voters were still in the queue, thereby disenfranchising them. In kana da adadin mutanen da lambar rumfar ka saka, in akwai hoto ko bidiyo mai nuna lokaci ka haɗa da shi, ka ajiye kwafi ɗaya a wajenka kafin ka miƙa.